Rakiyar Neman Tuwo

Tun da aka kawo kulolin abinci masu ƙin buɗewa sai mutum ya cika tafiyar da likita ya yanka masa, rakiya ta yi daraja a unguwa.

Malam Barau ya raka amininsa Tanimu har bakin kasuwa, tuwonsa na kulle a gida.

"Ba za ka koma kai kaɗai ba, mai tumbi," in ji Tanimu, ya rako shi. Barau ya sake raka shi.

Suna ta kai da kawowa, sai kular Barau ta yi magana daga zaure: "Na buɗe, amma na ga ka jingina da bango kana satar hutu."

"To Tanimu, sai an jima."

"Wane an jima? Tawa fa? Wuce mu je!"