Kuskuren Layi na Ɗari Uku

Ta ƙofar baya, wadda baƙo bai san da ita ba, wata dattijuwa ta shigo, ta dire tsohuwar kwamfuta a teburin mai gyaran rediyo. Irin ta da can ce, wadda ake haɗawa da talabijin, ana ajiye aikinta a kaset.

A nan tsofaffin 'yan sha'awar kwamfuta suke haɗuwa duk Asabar, suna musun da ya girmi 'ya'yansu. Dogo ya rantse babu yaren kwamfuta sai Pascal. Akawu kuwa in ba C ba, bai ga abin kallo ba.

"Ku taimake ni," in ji dattijuwar. "Tun da na'urar nan ta mutu, wanda nake kula da shi ya rufe baki. Ni nake ba shi abinci da cokali, yanzu ko ruwa sai ya tofar. Wasansa yake nema."

"Yaran yanzu!" in ji Dogo. "Baba, a ba shi waya mana."

"Ya jefar."

Idonta ya kaɗa jajir.

Mai gyara ya buɗe cikin kwamfutar, ya canza abin da ya ƙone, ya hure ƙura. Kaset ya yi ta ƙiiii kamar ana yanka gwangwani, sannan wasan ya fito: wani ɗan mutum yana tsallake rijiyoyi. Yana zuwa ta uku, sai ya zurma. Aka sake, ya sake zurmawa.

Dogo ya buɗe rubutun da ke tafiyar da wasan, ya dafe kai. Da yaren BASIC aka rubuta shi, ko'ina umarnin GOTO, je ka can, dawo nan, kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi.

"Rabona da ganin irin wannan tun wurin Malam," in ji Akawu, yana nufin wanda ya fara ɗora hannunsu a kan madannai, ya ɓace musu shekara da shekaru. "Ka tuna abin da yake cewa? Wai kuskurenka naka ne, kai za ka nemo abinka."

Dattijuwar ta fita neman mai tasi.

Shi kuwa Dogo ba ya ganin karkatacce ya wuce, halinsa ne. Ya gano kuskuren a layi na ɗari uku, ya gyara, ya share GOTO ɗin nan tas, ya ɗora sabon a kan tsohon kaset. Da ta dawo, ɗan mutumin yana ta tsallake rijiya tiryan-tiryan.

Jakarta ta faɗi.

"Wayyo, kun kashe min shi! Kullum da safe sai ya kunna, ɗan mutumin ya faɗa, shi kuma ya yi ta neman kuskuren har azahar. In ya gano ya yi dariya, to a nan yake buɗe baki in ba shi abinci. In an kashe na'ura ta manta gyaran, shi ma gobe ya manta. Yanzu me zai nema?"

Gumi ya karyo wa Dogo. Kaset ɗaya ne, kuma ya shafe shi da hannunsa.

Haka ƙattin nan suka duƙufa. Mutanen da suka ƙare rayuwarsu suna zagin BASIC, yau ga su suna roƙon Allah ya tuna musu inda kowane GOTO yake. Dogo na bugawa, Akawu na cewa a'a, ya fi haka muni. Sai da la'asar ɗan mutumin ya sake zurmawa, ta ce haka yake.

Ba su yarda ta ɗauka ita kaɗai ba. Suka bi ta gida, suka haɗa wayoyi a falo, ta shiga ta turo shi a keken guragu, da tawul ɗaure a wuyansa. Ashe Malam ne.

Dogo ya miƙa hannu zai nuna masa layin. Tsohon ya buge hannun, bai gane ko ɗaya cikin ɗalibansa ba, ya ce, "Kai yaro, bari. Kuskurena nawa ne, ni zan nemo abina."