Matar Ranar Asabar

Sumaiya ta banko ƙofar buro, wato ofishinsu, ta zauna gaban kwamfuta. Ita ke riƙe da bayanan ƙungiyar manoma a Cadawa, inda mijinta Mudassir yake malamin gona. Duk Asabar sai ya ce aiki, ya dawo a ƙoshe, ko kallon tuwonta ba ya yi.

Ta haɗa bayanan ziyara da na manoma ta lambar manomi da sunan gari. Sannan ta kafa sharuɗɗanta: malami, Mudassir, rana, Asabar, manomi, mace, miji, babu.

Suna ɗaya ya rage: Fadimatu Dalhatu, Gidan Sori.

Garinsu ma, inda ta tashi! Wato har gida ya bi ta da cin fuska.

Ranar Asabar ta riga shi fita, ta shiga mota zuciyarta na tafasa. Tana sauka ta tare wani dattijo mai amalanke.

"Baba, ina gidan Fadimatu Dalhatu?"

Ya ƙare mata kallo. "Ba Sumaiya ba ce? Gidanku kike tambaya?"

Nan take ta gane. Ashe Fadimatu Dalhatu Iya ce, kakarta da ta raine ta. Tun tasowarta ba ta taɓa jin an kama sunan tsohuwar ba.

Ta yi sallama. Iya ta fito da fara'a, da kwano a rufe. Tana ganinta ta ja kwanon baya.

"Au, ke ce? Na ɗauka yarona Mudassir ne, mai tunawa da ni. Zauna, in ya ci ya rage kya samu."