Saba'in da Ɗaya

Ranar fitowar sakamako, Iya Kande mai fura ta raka 'yarta Lubabatu kwalejin koyon jinya.

Duk ɗaliban ajin suna da ƙwayar hadda, wata 'yar na'ura, manne a bayan kunne. Tana zuba wa mutum darasin zango sukutum, kuma da an gama jarrabawa sai ta share shi don na gaba ya samu wuri. Lubabatu ce kaɗai ba ta da ita, Iya ta hana.

"Abin da kika karanta, ki zo ki koya mini," in ji ta. Wata huɗu kenan, kullum bayan la'asar, Iya na dama fura, Lubabatu na yi mata bayani har sai ta gane.

A allo kowa ya ci ɗari. Lubabatu ta ci saba'in da ɗaya. Ta sunkuyar da kai.

Ba su kai bakin ƙofa ba sai ga maigadi ya yanke jiki ya faɗi, yana kakkafewa. Masu ɗari suka kewaye shi, kowa na shafa bayan kunnensa, ido fayau.

"Ku ba shi iska, 'yan banza!" Iya ta daka tsawa. "Kada wanda ya sa masa cokali a baki! Luba, juya shi ta gefe!"

Ashe Lubabatu ta riga ta durƙusa. Can sai maigadi ya buɗe ido.

Iya ta gyara ɗaurin zaninta, ta dubi allo.

"Saba'in ɗin naki ne, 'yar nan. Ɗayan kuwa nawa ne."