Ƙuri'a ta Takwas

Kafin ya gama karya hular da zai sa, Ciyaman Mu'azzam ya riga ya yanke wa kowane kansila hukuncinsa a zuci. Dennis, shugaban majalisar kansiloli, shi zai fara ɗanɗana kuɗarsa: shagon matarsa da ke Kasuwar Gombe sai dai ta gani a hannun wani. Sauran kuwa zai bi su ɗaya bayan ɗaya, har sai sun gwammace kiɗa da karatu.

Kamar yawancin ciyamomi, a Gombe yake zaune, a wani tafkeken gida a Barunde. Ƙaramar hukumarsa ba ta ganin ƙeyarsa sai ƙarshen wata. A nan Barunden takardar tsigewa ta same shi, da sa hannun kansiloli bakwai daga cikin sha ɗaya. Suna zarginsa da sayar da filin asibiti da kashe kuɗi ba da izinin majalisa ba.

Aka ba shi dama ya amsa, ya amsa da izgili. Aka kafa kwamitin bincike, kwamiti ya zauna, ya saurari shaidu, ya ce zargi ya tabbata. Wannan bai hana shi cin tuwonsa ba, domin rahoto ba ya tsige mutum. Sai kashi biyu cikin uku na kansiloli sun ɗaga hannu, wato mutum takwas. Su Dennis bakwai ne, kuma bakwai ɗin suke tun farko.

Huɗun da suka rage nasa ne. Uku ya san da abin da ya riƙe su, kuma ya san abin na iya ƙarewa, shi ya sa ya kai su otal ya sa musu masu gadi. Ta huɗu ce kaɗai bai ɓata ko sisi a kanta ba.

Adda, dattijuwar Bafulatana, ita ce mace tilo a majalisar. Da Dennis ya kai mata takarda ta sa hannu, a ƙofar gida ta sallame shi, ko tabarma ba ta shimfiɗa masa ba. Ciyaman ya yi ta ba da labarin nan yana ƙyaƙyata dariya.

Ya san ta ne a wurin da bai cika son tunawa ba. Shekarun baya, tun yana neman takara, ya sa an yanka wani burtali filaye an sayar, shanu suka rasa hanyar mashaya. Wani saurayi makiyayi, Joda, ya tsaya kai da fata, yana tara mutane, yana tuge turakun da aka kafa. Wata ranar kasuwa 'yan kalare, 'yan daban siyasar Gombe, suka tare shi a hanya. Bai kai asibiti da rai ba, kuma ba a taɓa kama kowa ba.

Mu'azzam har ruga ya je ta'aziyya, da buhun shinkafa da fuskar jimami. Ya tarar da wata tsohuwa, Goggo, tana birgima a ƙasa, aka ce masa ai ɗan Goggo ne. Wata mata kuwa, wato Adda, ido a bushe, ta dama fura ta kawo wa baƙi. Da ya yi mata gaisuwa sai ta kau da kai ta ce, "Wancan ɗin dama ba ya jin magana."

Nan take ta kwanta masa a rai. Ya ga macen da ta san inda duniya ta dosa. Da zaɓe ya zo ita ta bi ruga-ruga ta tattaro masa ƙuri'un mata, shi kuma ya saka mata da kujerar kansila.

Ana saura kwana kaɗan a kaɗa ƙuri'a, lauyarsa, Barista Millicent, ta matsa masa su garzaya kotu a dakatar da zaman. Ya kusa yarda. Adda ce ta zo gaishe shi da ƙwaryar man shanu, ta ji maganar.

"Ranka ya daɗe, mai gaskiya ba ya gudu," in ji ta. "Bar su su ɗaga hannu bakwai a gaban jama'a, kunya ta kashe su. In ka je kotu, cewa za a yi tsoro ka ji."

Maganar ta yi masa daɗi, don ba kuɓuta kawai yake so ba, so yake ya ga idon Dennis lokacin da lissafi zai gaza. Ya ce wa lauya ta maida takardunta jaka.

An kawo zaman wani zaure a cikin Gombe saboda tsaro. Ciyaman ya shigo da maroƙa, ya zauna a gaba, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Akawu ya karanta rahoton kwamiti. Dennis ya miƙe, ya ce duk wanda ya amince a tsige ciyaman ya ɗaga hannu.

Hannuwa suka tashi. Mu'azzam yana ƙirgawa da leɓe, yana murmushi. Ya kai bakwai, ya fara gyara riga zai miƙe.

"Takwas," in ji akawu.

Ya juya. Can ƙarshen layi wani siririn hannu ne a sama, warwaro ya zame har gwiwar hannu, kuma ko motsi ba ya yi.

Zaure ya kaure da ihu. Maroƙa suka sulale, ɗan sandan da ke tsaye a bayansa ya ja da baya. Mu'azzam ya kutsa cikin mutane ya tare ta a bakin ƙofa, hularsa a karkace.

"Adda! Ke? Me na yi miki?"

Ta gyara mayafinta, ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Kunya ta hana ni kiran sunansa yana da rai, ta hana ni kukansa da ya mutu, amma ba ta hana ni ɗaga hannu ba. Goggo riƙo kawai ta yi. Joda ɗan farina ne."