Kwanon Juma'a

Ta tsaya a ƙofar maƙwabciyarta da kwano rufe da faifai. Babu komai a cikinsa.

Shekara goma sha ɗaya kwanon nan yana kai da komowa tsakanin gidajen biyu a unguwar Ruwais, kusa da tashar jiragen ruwan alhazai, kowace Juma'a, bai taɓa tsallaka lungun wayam ba. Amma tun da jirgin ruwan alhazai na ƙarshe ya bar gaɓa, aikin dako ya ɗauke wa mijinta. Suka bar nama, suka rage ruwan saye, shayi ya koma sau ɗaya a rana. Yau da safe mijin ya ce, "Saura kwanon nan, shi ma a daina."

"So kake in zubar da mutuncina a unguwa?"

"So nake ki faɗa mata gaskiya."

Maƙwabciyar ta fito tana goge hannu da zane. "Ahlan, 'yar uwa! Me aka dafa mana yau?"

Kafin a ba ta amsa ta ɗaga faifan. Ta kalli gindin kwanon, ta kalli ƙawarta. Sai ta zube a kan dakali tana dariya har da hawaye.

"Alhamdu lillahi! Wallahi wata biyu ina addu'a ki riga ni kawo shi wayam. Don in cika miki kwanon nan, da gurasa da shayi yarana suke kwana ran Alhamis."

"Ke ma?"

"Halas, magana ta ƙare! Yalla, maza ɗauko gawayinki, ina da shinkafa. Daga yau tukunya ɗaya za mu ɗora."