Allura ta Huɗu

"Bai kama ba," in ji ma'aikaciyar jinya, tana duba sakamakon jinina. "Magungunan da ke hana jikinka ƙin hantar da aka dasa maka su ne suka kwantar da garkuwarka. Sai mun sake rigakafin ciwon hanta daga farko."

Allura uku ke nan na sha a banza. Na sauke hannun rigata, na miƙe.

"Wallahi na gaji. Ya isa haka."

Yaya ta tare ƙofa. Ita ce fa wadda tun muna yara take shigewa ƙarƙashin gado da ta ji an ambaci allura.

"Koma ka zauna, auta."

Na koma. Ta naɗe min hannun riga, ta damƙe yatsuna. Da allurar ta shiga damtsena, ita ce ta runtse ido, har da 'yar ƙara.

"Yaya, ni fa aka yi wa."

Ta buɗe ido ɗaya, hannunta dafe da dogon tabon aikin da ke cikinta.

"Wa ya ce dominka na zo? Rabin hantata na rako."