Munduwar Kaka

Ina 'yar shekara tara aka kai ni Gashuwa wurin Kaka. Wata la'asar tana bakin ɗaki tana goge munduwarta ta azurfa da toka da tsamiya, sai ta zura mini ita a hannu. Ta daɗe tana ba ni labarin matar da ta fara sa ta, duk da Badanci. Ni kuwa tashin Nguru ce, Hausa kaɗai nake ji.

"Kin riƙe, ƙawata?" ta tambaye ni da Hausa.

Kunya ta sa na ce, "Na riƙe, Kaka."

Yanzu munduwar tana hannuna, masu sanin labarin duk sun rasu. Jiya 'yata ta ce, "Mama, kafin Kaka ta wace ce?" Sai na ce ta je ta duba mini tukunya.